Arzikin da ke ɓoye cikin salansar mota

A cikin salansar mota akwai wata tukunya mai ramuka kamar saƙar zuma, wadda makanikan Legas ke kira "Indomie". Aikinta tace hayaƙi, kuma an shafe cikinta da 'yan giram na filatinam, faladiyam da rodiyam, ma'adinai masu ɗan karen tsada.

Afirka ta Kudu ce ke haƙo mafi yawan rodiyam na duniya. A watan Maris na 2021 oza ɗaya ta doshi dala 30,000, kafin ta faɗo ƙasa da 5,000 a 2023.

Duk da haka ɓarayi ba su daina yanke tukunyar ba. Dillalin motocin tokumbo, kafin ya biya, ya sa amintaccen makanike ya leƙa ƙarƙashi.