Faifai Ɗaya, Tafiya Uku: Sirrin Tashin Faifan Nesa a Wasan Golf na Faifai

Ranar 28 ga Maris, 2016, a wani busasshen tafki da ke kusa da garin Primm a jihar Nebada ta Amurka, wani matashi mai suna David Wiggins Jr. ya wurga faifan roba mai nauyin giram 154, faifan bai taɓa ƙasa ba sai da ya ci mita 338. Wannan nisa ya zarce tsawon filayen ƙwallon ƙafa uku a jere. Gaskiya ne iskar hamada mai ƙarfi ta ba shi gudummawa a ranar, amma duk da haka jifan abin al'ajabi ne. Irin faifan da ya yi amfani da shi, wato Boss na kamfanin Innova, ana sayar da shi a kanti, duk mai kuɗinsa na iya saye. Sai dai kuma sabon ɗan wasa kan saye shi, ya wurga da iyakar ƙarfinsa, ya ga faifan ya cilla sama, ya kwanta hagu, ya faɗi ƙasa da gefe tun bai yi wata tafiya ta a zo a gani ba. Faifan bai lalace ba, kamfanin kuma bai yi ƙarya ba. Dalilin yana cikin ilimin motsin iska da na abubuwa masu juyawa.

Golf na faifai wasa ne da ake wurga faifai daga wurin farawa zuwa wani kwandon ƙarfe, wanda ya shigar da nasa da jifa mafi ƙaranci shi ne gwani. Ed Headrick ne ya tsara filin farko na dindindin a dandalin Oak Grove da ke Pasadena a Kalifoniya a 1975, ya kafa ƙungiyar wasan da ake kira PDGA a 1976, sannan ya yi rajistar kwandon nan mai sarƙoƙi a 1977. Bayan Amurka, babu ƙasar da ta kai Finlan yawan filayen wasan. Babban sauyi ya zo a 1983, lokacin da Dave Dunipace ya ƙera faifai mai siririn baki kamar kaifin gatari, wanda ke tsaga iska fiye da faifan wasa na yau da kullum. Daga wannan ƙira aka samu faifan nesa, wanda faɗin bakinsa ya kai santimita 2 ko fiye, alhali na faifan da ake jefawa kwando daga kusa bai wuce kimanin santimita 1 ba. Dokar PDGA ta hana faɗin baki ya haura santimita 2.6.

Lambobi huɗu

A jikin mafi yawan fayafayan akan buga lambobi huɗu. Alal misali, Destroyer, wanda ya fito a 2007, yana ɗauke da 12, 5, -1, 3. Ta farko ita ce gudu, ta biyu shawagi, wato daɗewa a sama. Ta uku ita ce karkata, wato yadda faifan ke zamewa dama a farkon tafiya sa'ad da yake da sauri. Ta huɗu ita ce komowa, wato yadda yake kwantawa hagu a ƙarshe bayan gudunsa ya ragu. Wannan dama da hagu na nufin jifan bayan hannu ne da hannun dama. Ga bahago kuwa sai a juya lissafin.

A nan ne masu saye da yawa ke faɗawa tarko. Suna ɗaukar lambar gudu a matsayin alkawarin nisa, alhali ta fi kama da sharaɗi: ga irin ƙarfin jifan da faifan ke bukata kafin sauran lambobin uku su tabbata. Ya kamata kuma a sani cewa lambobin nan ba sakamakon wani awo na bai ɗaya ba ne. Kowane kamfani shi ke sanya wa kayansa, don haka 12 ta wannan ba lalle ta yi daidai da 12 ta wancan ba.

Inda iska ke kama faifai

Faifai a sama fiffike ne, kuma abubuwa biyu ke hukunta ƙarfin da iska ke ɗaga shi da shi. Na farko gudu ne, kuma ba ɗaya da ɗaya suke tafiya ba: idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin ɗagawa sai ya ninka sau 4. Na biyu shi ne kusurwar da faifan ke karo da iska. Faifai mai tsananin gudu ba ya bukatar babbar kusurwa kafin ya ɗauki nauyinsa. Da zarar gudu ya ragu sai ya soma nutsewa, iska ta riƙa bugunsa daga ƙasa, kusurwar ta ƙaru.

Muhimmancin kusurwar shi ne ita ke nuna wurin da iska ke turawa a jikin faifan. Idan ƙarama ce, cibiyar matsin iska na komawa bayan cibiyar nauyi, iska ta nemi ɗaga bayan faifan. Idan ta girma, matsin ya dawo gaba, iska ta nemi ɗaga goshinsa. Jonathan Potts da William Crowther na Jami'ar Manchesta a Ingila sun auna wannan a bututun gwajin iska a farkon shekarun 2000, suka gano cewa faifan wasa na yau da kullum yana samun daidaito a kusurwar kusan digiri 9. Sun kuma gano cewa juyawar faifan ba ta ƙara masa wani ƙarfin ɗagawa na kirki. Kowace ƙirar faifai da tata kusurwar daidaiton.

To mene ne amfanin juyawar? Duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san cewa abu mai juyawa ba ya faɗuwa ta inda aka tura shi. Ƙa'idar ita ce, idan aka tura abu mai juyawa a wani wuri, sakamakon turin ba ya bayyana a wurin, sai can gaba da rubu'in zagaye ta fuskar da yake juyawa. Faifan da aka wurga da bayan hannun dama yana juyawa ne kamar hannun agogo idan an dube shi daga sama. Saboda haka idan iska ta tura bayansa sama, gefen hagu ne zai ɗaga, faifan ya karkata dama. Idan ta tura goshinsa sama, gefen dama ne zai ɗaga, ya komo hagu. Ke nan karkata da komowa ba halaye biyu ne daban ba. Al'amari ɗaya ne, cibiyar matsi ce ke ƙaura daga baya zuwa gaba yayin da gudu ke ƙarewa. Malami na iya nuna wannan a aji da ƙafar keke: a rataye ƙarshen gatarinta ɗaya da igiya, a juya ta da ƙarfi a tsaye, a saki. Maimakon ta kife, sai ta riƙa zagaya igiyar a hankali.

Hannu uku

A ɗauka mutum uku sun wurga Destroyer guda, kowa da bayan hannun dama. Manyan ƙwararru maza kan saki faifai da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, don haka a ba ƙwararren 110. A ba mai matsakaicin ƙwarewa 80, sabon shiga kuma 55.

A hannun ƙwararre faifan na fita da ƙaramar kusurwa, matsi na baya, sai ya zame dama a hankali, ya daɗe yana tafiya kusan a kwance. Sai can da gudu ya ƙare matsin ya dawo gaba, ya komo hagu. Wanda ya dubi tafiyar daga sama zai ga ta yi kama da doguwar harafin S. Wannan zamewar dama ita ce sirrin nisan, domin tana jinkirta komowar da ke kawo ƙarshen tafiya. Ƙwararru ma kan saki faifan da gefen hagu a sunkuye da gangan, don karkatar ta miƙar da shi a sama maimakon ta kifar da shi.

Mai gudun 80 yana samun kimanin rabin ƙarfin ɗagawar da ƙwararre ke samu a kusurwa guda. Faifansa na tafiya sak na ɗan lokaci, ba ya zamewa dama sam, sannan ya komo da wuri. A hannunsa lambar -1 ta zama tamkar sifili. Irin wannan ɗan wasa ya fi samun nisa da faifai kamar Sidewinder mai lambobi 9, 5, -3, 1, wanda ke soma karkata a gudun da hannunsa ke iya bayarwa. Shi kuma ƙwararre idan ya wurga wannan faifan a kwance da dukan ƙarfinsa, zai iya kifewa dama ya gangara a ƙasa.

Sabon shiga shi ne abin tausayi. A gudun 55, rubu'in ƙarfin ɗagawar ƙwararre kawai yake samu, don haka faifan na soma nutsewa tun daga farko, bai taɓa shiga matakin ƙaramar kusurwa ba balle ya karkata. Ga shi kuma sababbi kan saki faifai goshinsa a ɗage, abin da ke ƙara kusurwar tun daga hannu, ya ƙara turjiyar iska, ya cinye ɗan gudun da ke akwai. Faɗin bakin ma na hana ƙaramin hannu riƙo mai kyau, sai faifan ya fita yana kaɗawa, juyawarsa ta yi rauni. Raunin juyawa kuwa na nufin iska za ta fi saurin kwantar da shi. Sau da yawa faifai mai lambar gudu 6 kamar Leopard kan yi wa irin wannan ɗan wasa nisa fiye da mai 12. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji Hausawa. Babbar asarar ba ta kuɗin faifan ba ce. Wanda ya dage da faifan da ya fi ƙarfinsa kan koyi murɗa wuyan hannu da fizgar kafaɗa don tilasta masa tafiya sak, ya saba da mummunan jifa da zai sha wahalar gyarawa, wani lokaci har da ciwon gwiwar hannu.

Gudun da faifai ya sani kuwa shi ne na iskar da ke ratsa shi, ba wanda mai kallo ke gani daga ƙasa ba. Idan mai gudun 80 ya fuskanci iska mai kilomita 20 a awa, faifan zai ji kamar an wurga shi da 100, ƙarfin ɗagawa ya ƙaru da fiye da rabi, faifan da ya saba tafiya sak ya soma zamewa dama. Iskar baya kuma akasin haka take yi. A wurare masu tudu kamar Kolorado, inda iska ba ta da kauri, fayafayai kan rage karkata su komo da wuri. Shekaru ma na da tasiri: faifan da ya sha karo da itatuwa bakinsa na sauya siffa, ya ƙara saurin karkata. Wannan ne ya sa ƙwararru ke ɗaukar faifai iri ɗaya har uku ko huɗu a jaka, sabo don fuskantar iska, tsoho don dogon jifa a ranar da gari ya yi tsit.