Malam Maman Barka, Malamin Makarantar Da Ya Ceto Kiɗan Biram

Masu sauraron waƙoƙin Nijar a Yola da Jimeta sun san muryar Malam Maman Barka da gurminsa mai tsirkiya biyu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne "Malam" ɗin nan ba laƙabin mawaƙa ba ne: da alli ya fara neman abinci, yana koyar da yara a firamare.

Batube ne, haifaffen garin Taskar a jihar Damagaram, amma ya yi waƙa da Hausa da Barbarci da wasu harsuna, shi ya sa sunansa ya tsallako iyaka. Daga baya ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai.

Babban aikinsa kuwa a bakin Tafkin Chadi ya yi shi. Masuntan Buduma suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, wanda suke kira biram, suna girmama shi matuƙa. Samari sun juya masa baya, har ya rage dattijo ɗaya, Bukar Tar, ya iya kaɗa shi. A 2002 Barka ya sami tallafin UNESCO, ya tattara ya tafi wurin tsohon. Mutumin da ya riga ya yi suna ya koma ɗalibi, ya durƙusa gaban masunci yana karɓar darasi! Ba kowane shahararre zai yarda da haka ba. Da tsohon ya rasu, biram yana hannun Barka, ya kai shi har Turai tare da makaɗinsa Umaru Adamu, suka fitar da faifai a 2009.

An yi irinsa a Brazil. Heitor Villa-Lobos, wani mai tsara kiɗa da ya rasu a 1959, ya tattara waƙoƙin gargajiyar ƙasarsu ya shigar da su darussan makarantu, da goyon bayan gwamnati. Barka bai sami irin wannan gata ba, ya rasu a Yamai a Nuwamba 2018.

Adamawa ma tana da nata dattawan: masu algaitar fadar Lamiɗo, masu hoddu (molon Fulani), da makaɗan Bachama na Numan. Ya kamata Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Yola su tura ɗalibai su zauna gabansu su koya, su naɗi kiɗan tun suna da rai.