Harsashi Huɗu a Ƙasa

Mutumin Maine-Soroa da kura da dila ya saba. Beyar ba dabbar ƙasarmu ba ce, sai can arewacin duniya, inda fararta ke yawo a kan ƙanƙara. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, doka ta wajabta wa duk mai fita bayan gari ya ɗauki abin korar ta, hukuma kuma tana ba da shawarar a riƙe bindiga.

Ranar Juma'a, 5 ga Agusta 2011, wasu matasa 'yan Birtaniya da jagororinsu biyu, su 13, suna barci cikin tantuna kusa da ƙanƙarar Von Post, kimanin kilomita 40 daga garin Longyearbyen. Sun kewaye sansanin da wayar da ke fashewa da ƙara idan dabba ta taɓa ta, ba su kuwa ajiye mai gadi ba. Da sassafe wani tsohon beyar mai nauyin kilo 250, wanda yunwa da ciwon haƙori suka addaba, ya keto cikin sansanin. Wayar ko ƙas ba ta yi ba. Ya farke tanti, ya kashe yaro ɗan shekara 17.

Ɗaya daga cikin jagororin ya rarumi tsohuwar bindigarsu ƙirar Mauser, ya saita, ya ja kunama. Shiru. Ya sake ɗanawa, harsashi ya faɗo ƙasa. Haka har sau huɗu. Ashe makullin bindigar na wurin da ke hana ta tashi, sai dai ta yi ta zubar da harsashi. Beyar ya yo kansa, ya yi masa raga-raga a kai da fuska. Duk da jinin da ya rufe shi, bawan Allah ya lalubo harsashi guda a ƙasa, ya ɗura, ya harbe dabbar a ka. Mutum huɗu suka jikkata, aka kai su asibiti a Tromsø.

Bindiga tana nan, harsashi yana nan; sabo da makullinta ne ya yi ƙaranci a lokacin firgici. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A jami'ar da ke Longyearbyen, ɗalibi ba ya fita aikin daji sai ya je filin harbi, ya koyi ɗurawa da buɗe makulli da saiti tun babu abin da ke bin sa.