Jinkirin Karatun Faifai a Kwamfuta: Yadda Ake Gano Musabbabinsa

1. Gabatarwa

Masu nazarin karin harshen Adar da na Ƙonni sukan komo daga Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni da maganganun da suka ɗauka, su zuba a faifan kwamfuta. Minti ɗaya na murya, in ba a matse ta ba, yana cin wajen megabayit 5. Sau da yawa idan aka zo sauraro sai na'urar ta yi nawa, a yanke hukunci cewa ta tsufa. Wannan maƙala tana bayyana yadda ake bambance jinkirin da ke fitowa daga faifan kansa da wanda ke fitowa daga ƙwayar tsarin sarrafawa, watau kanel. An ɗauki misali daga Linux, wanda Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991.

2. Yadda kanel ke karatu

Uwargida ba ta zuwa rumbu don kowane tuwo. Takan ɗebo hatsin kwanaki ta ajiye a ɗaki. Haka kanel ke yi. Idan aka nemi wani ɓangare na fayil, yakan ɗebo shi daga faifai ya ajiye a ƙwaƙwalwar na'ura, shafi-shafi, kowane shafi galibi bayit 4096. In ya lura ana karatu bi da bi, sai ya riƙa ɗebo na gaba tun ba a nema ba. Ma'aunin wannan ɗiba a bisa al'ada kilobayit 128 ne, kuma ana iya ƙara shi.

Dabarar tana ci ne idan bayanan suna jere. Faifai mai juyi 7200 a minti yana iya ba da fiye da megabayit 100 a daƙiƙa in ana karatu a jere. Amma in allurarsa tana tsalle daga wuri zuwa wuri, abin da zai iya bai wuce karatu 100 ba a daƙiƙa, watau ƙasa da rabin megabayit in shafi ɗai-ɗai ake ɗauka. A nan ne aikin masanin harshe ke cin karo da na'ura, domin yakan yayyanka hira guda zuwa dubban ƙananan fayiloli, wannan na "hwari", wancan na "fari", don kwatanta furuci.

3. Awo uku

Kafin awo a share abin da kanel ya ajiye, in ba haka ba karatu na biyu daga ƙwaƙwalwa zai fito, adadin ya yaudari mai awo. Daga nan sai a auna faifan sau biyu da hdparm: ta hanyar ma'ajiyar kanel, da kuma kai tsaye. Na uku, a auna aikin yau da kullum.

(a) In duka biyun farko sun yi nawa, laifin na faifai ne, ko waya, ko kafar USB 2.0, wadda ba ta cika wuce megabayit 40 a daƙiƙa ba. A duba rahoton kanel da na SMART.

(b) In kai tsaye ya yi sauri, ta ma'ajiya ya yi nawa, a dubi ma'aunin ɗiba, a kuma dubi ko ƙwaƙwalwa ta cika.

(c) In duka sun yi sauri amma aiki na nawa, yawan ƙananan fayiloli ne. Magani shi ne a bar hira ɗungurungum, a rubuta iyakokin kalmomi a fayil dabam, kamar yadda manhajojin ELAN da Praat ke yi.

4. Kammalawa

Ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci, (b) da (c) ba su bukatar sayen sabuwar na'ura. Amma (a) ba ta jira: faifan da ke maimaita karatu a wuri guda yana iya zama kan hanyar mutuwa. A kwafe abin da ke ciki kafin kowane gwaji na gaba, domin tsohon da aka ɗauki muryarsa a ƙauyen Illela ba lalle a sake samun sa ba.