Rage wa mota tsayi: Adon da hanyoyin Wudil ba sa yafewa

Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Tun da hantsi gadar da ke kan kogin garin ke cika da manyan motocin shanu da ƙananan motocin haya, Golf da Sharon, waɗanda bayansu ya zauna saboda buhuna da fasinja, har salansa na neman shafar kwalta.

Babu direban hayar da ke son ganin motarsa a haka. Shi ya sa da yawansu ke zuwa wurin masu gyaran ƙafar mota a sa musu sifirin mai kauri, ko a cusa roba a tsakanin zobbansa, don bayan motar ya ɗaga.

Sai dai akwai masu neman akasin haka. Matasa ne masu sha'awar mota, da ke kallon bidiyon motocin da aka sauke ƙasa a TikTok da Instagram, taya ta cike gurbinta babu giɓi tsakaninta da bodi. A garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, kuma tazararsa da Kano kimanin kilomita 40 ce, duk yayin da ya shigo birni ba ya daɗewa bai iso ba.

Yadda ake sauke mota

Nauyin mota a kan sifirin yake zaune, kuma shi ke yanke tsayinta daga ƙasa. Shokazoba aikinsa shi ne hana sifirin ci gaba da lilo bayan an taka rami. Tare masu ƙera mota ke auna su biyun, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Akwai kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus da ke ƙera sifirin na musamman domin rage tsayi. Ya fi na asali gajarta da tauri, kuma kowane samfurin mota da irin nasa. Yawanci yana sauke mota da santimita 2 zuwa 4.

Amfaninsa ba ƙarya ba ne. Idan nauyin mota ya matso kusa da ƙasa, ba ta karkata sosai a kwana, gabanta ba ya dulmiya da yawa idan an taka birki, sitiyari kuma ya fi saurin amsawa. Amma duk wannan a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ake cin moriyarsa.

Lissafin da hanya ke yi

Yawancin ƙananan motoci suna fitowa daga kamfani da tazarar santimita 13 zuwa 16 tsakanin cikinsu da ƙasa, babu kowa a ciki. A cire santimita 4, a ɗora mutum biyar da kaya a but, abin da ya rage kan yi ƙasa da santimita 10.

Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye a 2006, ita ce ta ratsa Wudil. Amma mota ba a kan babbar hanya take kwana ba. Sai ta shiga lungu, ta haura bakin kwata ta shiga gida, ta bi hanyar ƙauye zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya, ta tsallake tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu ba tare da wani awo ba.

Abin da ke fara cin duka shi ne bamba, sai salansa. Mafi hatsari ita ce tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji. A motoci da dama da alminiyom ake yin ta, kuma alminiyom tsagewa yake yi idan ya daki dutse. Baƙin mai ya tsiyaye a hanya, idan direba bai lura da jar fitilar da ta kama a gabansa ba, cikin 'yan mintuna inji ya buga. Kuɗin sauya inji ya ninka na sifirin sau da yawa.

Da damina kuma ga ruwan da ke kwanciya a hanya. Saukar mota na nufin saukar bakin bututun da inji ke shaƙar iska, kuma injin da ya sha ruwa ba ƙaramin aiki zai ci ba.

Gajeriyar hanya mai tsada

Sifirin na musamman sai an yi odarsa ko an dace da shi a cikin kayan Baljiyam a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano. Don haka wasu kan ɗauki hanya mai araha: a yanke zobe ɗaya ko biyu daga sifirin asali, ko mai walda ya gasa shi da wuta har ya lanƙwashe.

Nan ne hatsarin ya fi yawa. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne ta yadda zai riƙa komawa yadda yake. Da zarar wuta ta taɓa shi sai ya rasa wannan ƙarfi, ya ci gaba da zama, wata rana ya karye.

Wanda aka yanke kuwa bakinsa ba ya zama daidai a mazauninsa. Idan taya ta faɗa rami mai zurfi, yana iya zamewa daga wurinsa, kuma kaifinsa na iya huda taya mota na cikin gudu. Sannan da wuya a yanke na dama da na hagu daidai da juna, sai mota ta riƙa rinjaya gefe guda. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ko da sifirin na kamfani ne, akwai abin da ke biyo baya. Shokazoban asali yana rasa wani ɓangare na filin motsinsa, sai ya riƙa bugun ƙarshe, ya yi saurin zubar da mai. Tsayuwar tayoyi na sauyawa, samansu ya karkata ciki, sai gefen ciki ya cinye alhali na waje na nan da zanensa. Mai mota ba zai gani ba sai ya durƙusa ya leƙa.

Asalin yayin

Sauke mota ya samo suna ne a Amurka, a wajen matasa 'yan asalin Meziko da ke birnin Los Angeles, tun shekarun 1940. Da buhunan yashi da yankan sifirin suka fara, kuma burinsu shi ne tafiya a hankali domin a kalle su.

A 1958 jihar Kalifoniya ta haramta tuƙa motar da wani ɓangarenta ya sauka ƙasa da gindin wili. Wannan ya sa masu yayin suka koma amfani da na'urar da ke ɗaga mota ta sauke ta da matsin mai. Sai a 2023 aka sa hannu kan dokar da ta soke haramcin.

A Jamus, inda ake ƙera fitattun sifirin, ba a sa su kara zube. Dole kayan su kasance da takardar amincewa, kuma sau da yawa sai masu duba lafiyar mota irin su TÜV sun gwada aikin.

Tsofaffin direbobin Arewa kuwa wani darasi daban suka sani. Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, ta yi suna ne saboda tsayinta da laushin ƙafarta a kan gargada. A shekarar ce ma 504 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka.

Idan an ƙudura

Mai motar da ya dage sai ya sauke ta, akwai ƙa'idojin da ke rage asara. A nemi sifirin da aka ƙera domin ainihin samfurin motar, a sauya duka huɗun, kada a wuce santimita 3. Idan shokazoba ya tsufa, a sauya shi da wanda ya dace da gajeren sifirin.

Bakanike ya yi amfani da abin matse sifirin wajen kwance shi, domin sifirin da ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fasa fuska. A ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta. Bayan 'yan kwanaki, sifirin ya gama zama, a kai ta a daidaita tayoyi, a gyara saitin fitilun gaba, sannan a sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. A kuma adana sifirin asali, domin masu sayen mota kan karya farashin wadda aka taɓa wa ƙafa.

Gargaɗin bai bar direbobin haya a baya ba. Ɗaga bayan mota ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya juriya. Yana ɓoye nauyin ne kawai daga ido, kuma lodi fiye da ƙima laifi ne a dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC.

Kafin matashi ya miƙa wa bakanike mukulli, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ya cika motar da mutane, ya auna tazarar tukunyar baƙin mai da ƙasa, ya cire santimita 4, sannan ya je ya auna tudun da ke bakin layinsu. Idan tudun ya fi tsayi, hanya ta riga ta ba shi amsa.