Harshe da Al'adun Misirawa a Ƙarƙashin Mulkin Yunanawa da Rumawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda Misirawa suka riƙe harshensu da addininsu cikin shekara kusan dubu da suka yi a hannun baƙi, watau daga zuwan Iskandar a shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa (K.H.A.) har zuwa lokacin da Amru ɗan Asi ya ci ƙasar tsakanin 639 da 642 Miladiyya. Abin da za mu nuna shi ne, tsarin haraji da na shari'a sun fi takobi tasiri a kan makomar al'adunsu.

2.0 Zamanin Yunanawa

Bayan rasuwar Iskandar, Misira ta faɗa hannun wani kwamandansa mai suna Batalimus, wanda ya naɗa kansa sarki a shekara ta 305 K.H.A. Zuriyarsa sun zauna a Iskandariyya, da harshen Yunananci kuma suke mulki. Marubucin nan Fulutak ya ruwaito cewa a cikinsu duka Kilobatra ta bakwai ce kaɗai ta koyi yaren talakawanta. Amma duk da haka sarakunan sun gane ba za su mallaki ƙasar ba sai da goyon bayan malaman addinin gargajiya, domin a hannunsu ilmi da gonaki masu yawa suke. Saboda haka suka riƙa shiga irin ta Fir'auna, suna gina manyan ɗakunan bauta. Na garin Edfu an fara shi a 237, aka gama a 57 K.H.A. Dutsen Rashid ma shaida ne: hukunci ne da malaman suka zartar a Mamfis a 196 K.H.A., aka rubuta shi da rubutu iri uku, watau rubutun zane na dā, da rubutun yau da kullum da ake kira dimotik, da kuma Yunananci.

A fannin shari'a kotu iri biyu aka yi, ta Yunanawa da ta 'yan ƙasa. Wata doka ta shekara ta 118 K.H.A. ta ce harshen da aka rubuta takardar ciniki da shi, shi zai nuna kotun da za ta saurari ƙarar. Wannan ya nuna cewa ba jini ne kaɗai ke raba mutane ba. Mutum guda yakan ɗauki suna biyu. Magatakardan ƙauyen Karkiyosiris da ke Fayyum, alal misali, a wajen aiki Mankis ake ce masa, amma yana da sunan Yunananci, Askilifiyadis. Kada dai a ɗauka zaman lafiya ne zalla. Bayan yaƙin Rafiya na 217 K.H.A., inda aka ba Misirawa makamai, kudancin ƙasar ya yi tawaye, har ya yi shekara wajen ashirin ƙarƙashin Fir'aunoninsa na gida, daga 206 zuwa 186.

3.0 Zamanin Rumawa

Da Ogustas ya ci ƙasar a shekara ta 30 K.H.A., sai ƙofar da take a buɗe ta soma rufewa. Rumawa suka kasa jama'a aji aji. Barume da ɗan birni irin Iskandariyya ba sa biyan kuɗin kai, manyan garuruwan larduna suna biyan ragagge, sa'an nan mutumin ƙauye ya biya cikakke, tun daga shekara 14 har zuwa 60. Kowace shekara 14 akan yi ƙidaya don kada kowa ya sauya aji. Daɗin daɗawa, gwamnati ta karɓe yawancin gonakin ɗakunan bauta, ta sa malamansu a ƙarƙashin ma'aikacin Ruma. Takardar ciniki kuma ba ta da ƙarfi sai an yi mata rajista da Yunananci, saboda haka cikin ƙarni na farko Miladiyya mutane suka rage rubuta ta da dimotik.

Amma a wajen jana'iza al'ada ba ta ja da baya ba. Hotunan nan na Fayyum, waɗanda Filindas Fetiri ya tono da yawansu a Hawara a 1888, suna nuna mamaci da tufafi da gyaran gashi irin na Ruma, an zana shi bisa salon Yunanawa, alhali gawar an shafe ta da magani an naɗe ta kamar yadda kakanni suke yi.

4.0 Mutuwar Rubutu da Rayuwar Harshe

Tsohon rubutu a ɗakin bauta yake zaune, da ɗakin ya talauce sai masu koyonsa suka ƙare. Rubutun zane na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Fila a 394, na dimotik kuwa a 452. Sai dai harshen bai bi su ba. Misirawa suka ari haruffa 24 na Yunananci, suka ƙara shida ko bakwai daga dimotik domin sautukan da Yunananci ba shi da su. Wannan shi ne rubutun Ƙibɗawa, wanda aka fassara Linjila da shi, shehunnan zuhudu irin su Shenuda kuma suka yi wa'azi da shi. Har yau ana addu'a da shi a cocin Ƙibɗawa, kuma saninsa ne ya taimaki Shamfoliyon ya warware rubutun zane a 1822.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, rubutun da ya zama mallakar 'yan tsiraru ya mutu tare da hukumar da ke ciyar da su, harshen da ke bakin manomi kuwa ya sami sabuwar riga daga wajen masu mulkinsa, ya ƙara rayuwa ƙarnuka da dama kafin Larabci ya maye gurbinsa. Sunayen watanninsa, irin su Tut da Baba da Hatur, har yanzu manoman Misira suna lissafin shuka da su.