Haɗa kayan zane da ƙira na yara daga kayan gida: misalin gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela

1. Gabatarwa

Tsarin karatun firamare da aka sabunta a Nijar a ƙarshen shekarun 1980 ya ware lokaci domin ayyukan hannu, waɗanda malamai suka sani da sunan APP. Dokar ilimi ta 1998 kuma ta buɗe wa harsunan gida ƙofar aji. Amma darasin zane da ƙira yana bukatar fenti, gam da alli mai launi, alhali makarantar ƙauye da ke karatu a rumfar kara ba ta da kuɗin sayensu. Sai darasin ya koma kwafar hoto a allo, ko a bar shi gaba ɗaya.

Maƙasudinmu a nan shi ne mu nuna cewa kayan suna nan a gidajen Ƙonni, Malbaza da Illela. Abin da ya rage shi ne malami ya riƙe ƙa'ida guda: kowane fenti haɗin abu uku ne, wato launi, maɗauri da ruwa. Wanda ya gane wannan zai iya musanya abin da babu da abin da akwai.

2. Maɗauri

Mun fara da maɗauri domin a nan ake yawan kuskure. Idan aka dama garin gawayi da ruwa zalla aka shafa a takarda, da zarar ya bushe sai ya kakkaɓe. Makarantar allo ta warware wannan tun da daɗewa: tawada gawayi ce ko baƙin tukunya da aka haɗa da ƙaro. Ƙaro, musamman na ɗakwara, yana narkewa a ruwa, in ya bushe ya bar wata fata mai sheƙi da ke riƙe ƙwayoyin launi. Shi ne dai maɗaurin fentin ruwa da ake sayowa daga Turai, kuma daga Sahel ake kai musu shi. Ana jiƙa awo ɗaya na dakakken ƙaro a awo biyu na ruwa, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle. Da yake ruwa yana sake narkar da shi, yaro zai iya wanke allonsa ya koma aiki, kamar yadda almajiri ke yi.

Na biyu shi ne sitaci, irin wanda masu wanki da guga ke amfani da shi. Ɗanyensa ba ya kamawa. Sai an dafa shi ƙwayoyinsa suke kumbura su yi danƙo. Awo ɗaya a awo biyar na ruwa, ana juyawa a wuta har ya yi kamar koko, ya isa liƙa takarda da kwali. Aibinsa shi ne tsami: a zafin bazara ba ya wuce kwana biyu.

3. Launuka

Launukan yankin iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da tasiri a aji.

(a) Na ƙasa da gawayi. Jar ƙasar tuddan Adar tana samun launinta daga tsatsar ƙarfe. Fari kuwa daga farar ƙasa, wadda arzikinta ne ya sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza a shekarun 1960. Waɗannan ba sa narkewa, don haka sai an daka, an tankaɗe, an dama a ruwa, a bari tsakuwa ta kwanta, a tsiyaye na sama a shanya. Rana ba ta kashe su, amma dole su sami ƙaro.

(b) Na tsiro. Waɗannan suna narkewa su shiga jikin takarda, sai dai suna koɗewa. Karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, yana ba da ja. Lalle yana ba da ruwan goro. Ɓawon albasa, wanda ake zubarwa tuli a Galmi lokacin cin kasuwar albasa, in an tafasa shi yana ba da launi tsakanin rawaya da ƙasa-ƙasa. Ƴaƴan bagaruwa da aka jiƙa tare da tsohon ƙarfe mai tsatsa suna ba da baƙi, domin sinadarin jima da ke cikinsu yana haɗuwa da ƙarfe.

Soɓorodo ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwansa ja ne. A ɗiga masa lemun tsami ko tsamiya, jan ya ƙara haske. A sa masa ɗan ruwan kanwa, ya juya shuɗi-shuɗi ko kore. Kofi uku a gaban aji sun isa yaro ya ga launi uku daga ganye ɗaya, kuma ya taɓa bakin ilimin sinadarai cikin harshen da yake tambaya da shi.

4. Alli, burushi da abin ƙira

Allin makaranta yawanci daga dutsen jips ake yinsa, irin wanda ake haɗawa a siminti, kuma ana samunsa a ƙasar Adar. In an gasa shi a wuta marar ƙarfi, wajen digiri 150, yana rasa mafi yawan ruwan jikinsa ya zama gari. In an sake dama shi da ruwa sai ya daskare. Ana iya zuba masa jar ƙasa, a ɗura a naɗaɗɗiyar takarda. Wannan aikin manya ne.

Burushi kuwa asawaki ne da aka tauna bakinsa, ko gashin kaza. Alƙalamin kara kowa ya san shi. Abin ƙira yumɓu ne, wanda fadamun Magiya ba su rasa ba; yara sun riga malami sanin inda yake, tunda da shi suke gina shanu da raƙuma, kamar yadda suke ƙera motoci da kara.

5. Iyakoki

Littattafan koyarwa na waje suna yawan ba da shawarar kwaɓin fulawa da gishiri a matsayin abin ƙira. Ba mu goyi bayan wannan ba. A yankin da rumbu kan ƙare kafin sabon gero ya nuna, cewa yaro ya zo da gari daga gida ɗora wa uwarsa nauyi ne, kuma zai raba ɗan mai shi da ɗan marar shi a gaban jama'a. Ƙa'idarmu ita ce a fifita abin da ba a ci, ko abin da za a zubar.

Akwai kuma abubuwa uku da ya kamata a nisanta daga hannun yara: baƙin garin tsohon batir, wanda wasu ke shafe babban allo da shi, domin yana ɗauke da ƙarafa masu cutarwa, siminti, domin jiƙaƙƙensa yana ƙona fata, da duk wani galan da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari na lambu.

6. Kammalawa

Masanan wannan fanni suna cikin gari: malamin allo mai zayyana, baduku, maginiyar tukwane. Shawararmu ga makarantun horar da malamai ita ce su sa ɗalibansu su zauna da waɗannan mutane, su rubuta awo da sunan kowane abu yadda ake faɗinsa a Adar. Ga masu nazarin harshe kuma, akwai aikin tattara kalmomin launi da na sana'a kafin fentin gwangwani ya shafe su. Darasin farko ba ya bukatar fiye da gawayi, ƙaro da ƙoƙon ruwa.